Mu Muka Haƙa, Su Suka Riƙe Mabuɗi

Jawabin Mma Abiba mai shinkafa da wake, a sadakar arba'in ta marigayiya Mma Memunatu, Nima, 1991

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Sarki, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman da malaman da ke tare da shi. Dattawan kwamitin unguwa, Alhaji Mahama da sauranku, barkanku da zama. Magajiya uwar mata, ina gaisuwa. Imurana da Safia, 'ya'yan marigayiya, sannunmu da haƙuri. Sai ku 'yan'uwana mata da ke can bayan rumfa wajen tukwane, ku matso kusa, yau maganar taku ce.

Na ga wasu sun ɓata rai da suka ga mace riƙe da lasifika a gaban Sarki. Ba ni na roƙa ba. Imurana ya kamata ya tsaya nan, sai ya ce mini, "Mma Abiba, ni a ɗaki na san uwata, ke kika san ta a titi. Ke za ki faɗa." To, zan faɗa. Wanda ya ji zafi ya yafe mini, ni ma da zafin na zo.

Memunatu ta kasance mai koko a bakin titin Nima, kuma babu wanda ke zaune a nan da bai sha kokonta ba. Direbobin motocin haya na trotro sun sha, masu dakon kasuwar Agbogbloshie sun sha. Ta kasance in mace ta haihu ba uwa a kusa, ita ce mai wankan jego. Shekarar da sojoji suka bi matan kasuwa da bulala, a ɗakinta muka kwanta rub da ciki tana gasa mana baya. Shekarar yunwa kuwa, yaro in ya tsaya kusa da tukunyarta sai ta zuba masa, ba ta tambayar ɗan wa ne.

Ta kasance kuma mai baki. Wannan kun sani, don da yawanku ya taɓa ku.

Ku da ba ku taɓa ɗora daron ruwa a ka ba, bari in gaya muku yadda muke samunsa a da. Mu tsallake babbar kwata a kan katako guda, mu nausa har unguwar Kokomlemle, mu tsaya a ƙofar gidajen mutane muna roƙo, karnuka na yi mana haushi. Memunatu ta ce wannan wulaƙanci ya isa. Ta yi ta zarya ofishin ruwa har masu gadi suka san ta. Daga ƙarshe aka ce mata, in unguwa ta haƙa rami daga babban titi, za a sa bututu.

Muka kai maganar wajen maza. Suka ce madalla, amma kowa yana da wurin aiki. Mu kuwa ashe zaman banza muke yi! Muka ɗauki fartanya da diga, da goyo a baya, Memunatu a gaba. Samari kaɗan sun taya mu, Allah ya yi musu albarka. Hannuna ga shi, har yau da kanta.

Ranar buɗe famfo, sai ga manyan riguna sun fito. Aka ɗauki hoto, mu aka ce mu ja baya kada mu tare. Muka ja baya. Sai muka ga an kawo kwaɗo an datse famfon, wai don kada yara su yi ɓarna, aka miƙa wa Alhaji Mahama mabuɗi.

Memunatu ta durƙusa ta ce, "Alhaji, mabuɗin nan ai a hannun masu ɗiban ruwa ya kamata ya zauna."

Ya ce, "Haba Memunatu. Mai riƙe mabuɗin jama'a a zauren Sarki yake zama. Ke za ki zauna a zauren Sarki?"

Aka kwashe da dariya. Ta ce, "To ku ɗauko zauren ku kawo bakin famfo." Wannan karon ba a yi dariya ba, amma ba a ba ta ba.

Ga abin da ya biyo baya. Mai koko da mai shinkafa da wake, tun kafin gari ya waye suke neman ruwa. Alhaji kuwa sai ya yi sallah, ya yi lazimi, ya sha shayi, sannan ya taho da hantsi yana kaɗa mabuɗi. In ya yi tafiya, mabuɗi ya yi tafiya. Muna kallon famfon da muka haƙa wa rami, mu wuce shi da daro a ka, mu hau katakon nan. Shekara da shekaru Memunatu tana zuwa zaure tana tsayawa daga bakin ƙofa, amsar ɗaya ce: za a duba.

A daminar da ta wuce, Alhaji ya tafi suna Kumasi da mabuɗi a aljihu. Aka kwana ana ruwa. Memunatu, da furfurarta da ciwon gwiwarta, ta hau katako da daro cike. Santsi ya kwashe ta. Ƙugu ya karye, ba ta sake takawa ba har ta cika. Duk safiyar da na leƙa ta, kafin in gaishe ta sai ta ce, "Abiba, an buɗe?" Wallahi wani lokaci ƙarya nake yi mata in ce an buɗe.

Alhaji, ban ce kai ka kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, babu mai ƙara mata. Amma ina jin haushi, kuma ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin matar da ta kawo wa unguwa ruwa ta faɗi a kwata tana neman ruwa.

Yanzu an ce kwamiti ya yanke shawarar karrama ta: za a rubuta sunanta da fenti a jikin bangon famfo. Mun gode. Ku riƙe fentinku. Memunatu ba ta yi boko ba, ko tana raye ba za ta iya karantawa ba. Mu zo da asuba mu tsaya gaban sunanta da kwaɗo a ƙasansa? Ina! Abin da ta roƙa kun san shi, kuma bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Imurana, ka yi abin da manya ba su yi ba, ka ba mace wuri. Allah ya yi maka albarka. Safia, tukunyar kokon ta dawo hannunki, katakon ma yana jiranki, ga ki da tsohon ciki. Miƙe tsaye, 'yata. Zo nan gaba, kada ki ji kunya, uwarki ba ta ji ba. Buɗe hannunki.

Ranka ya daɗe Sarki, ba zaurenka muke so ba, ka zauna lafiya a cikinsa. Mabuɗi muke so, yau, a gaban Malam Liman. Kada a ce mana za a duba.

Mun gode wa duk wanda ya taho, na kusa da na nesa. Mun gode wa malamai da suka sauke Alƙur'ani, da matan da suka yi girkin sadakar nan da ruwan da suka ɗauko daga tsallaken kwata.

Allah ya jiƙan Memunatu, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta. Allah ya shayar da ita ruwan Alkausara, ta sha ba tare da ta jira kowa ba. Allah ya raya abin da ta bari, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Malam, a yi mana Fatiha. Safia, in an shafa, ke kada ki shafa. Bar hannunki a buɗe har sai an sa miki abin a ciki.