Minti Ukun Da Suka Rage Daga Bangon Abdussalami

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Liman Malam Zaharaddini, Allah ya ƙara lafiya. Umda mai gari, Alhaji Mahadi, Allah ya ja zamaninka. Dattawan hilla, ƙauyen nan namu, malaman makaranta, baƙinmu da suka taso daga Damazin da Sinja tun da sassafe, sannunku da hanya. Hajja Rabi'atu, mai ɗakin marigayi, da ɗiyarsa Widad da ƙannenta, Allah ya ƙara muku haƙuri.

Ni ne Mukhtar, wanda kuka fi sani da Mukhtar Bidiyo. An zaɓe ni in yi magana a wannan rana ta arba'in saboda an ce ni ne abokin Abdussalami na kusa. Da an san abin da zan faɗa, ƙila da an zaɓi wani.

Ya kasance mai zanen bangonmu. Shekara talatin da ɗoriya, babu wanda ya dawo daga Makka a tsohuwar hilla bai tarar da sunansa a ƙofar gida ba, ga shekarar da ya tafi, ga jirgin da ya ɗauke shi. Umda, kana tune da naka jirgin ruwan. Ka ce masa ya fi kama da ƙwaryar fura, ya ce maka ai shi ma jirgin haka ya ji da ka shige shi. Ya kasance idan yara sun ɓata bangon makaranta da gawayi, mu muna neman bulala, shi yana tsaye yana gyara musu harafi. Ya kasance hannunsa bai taɓa rabuwa da buhya, wato fenti, ba, har a sahun Juma'a, idan ka ga kore a gefen jallabiyarka ka san wanda ya tsaya kusa da kai.

Amma babban aikinsa shi ne dogon bangon da ke bayan masallaci. Ya bi tsofaffinmu ɗaki ɗaki, yana tambayarsu wa ya fara isowa nan daga yamma da ƙafa, daga wane gari, wa ya rasu a hanya. Suna ɗari biyu da sittin ya rubuta. Kun san al'adarmu: kafin damina mata sukan fito gayya su yi wa bangaye sabon yaɓe don kada ruwa ya cinye su. Duk shekara sai a shafe masa rabin rubutun, duk shekara sai ya ɗauko gwangwani ya mayar. Mu muna wucewa muna yi masa dariya, muna cewa Abdussalami da matan hilla an sake karawa.

Daga nan ne tunanin fim ya zo masa. A shekarar da na sayi kyamara don ɗaukar bukukuwa, ya same ni a rumfar shayi ya zana mini shi a ƙasa da tsinke. Za a fara da wani dutse da kakansa ya ba shi labarinsa, wanda suka kwana a gindinsa a hanyar zuwa, an sassaƙa shanu a jikinsa ba wanda ya san tun yaushe. Sai tsofaffin gine-ginen da ya gani a arewa lokacin da yake bin lori, inda matafiya suka kankare sunayensu. Sai wani bango da ya gani a talabijin a ƙasar Jamus, cike da zane, mutane suna rushe shi. Sai bayan lorinmu, da ƙofofin alhazai, da gawayin yara. Ƙarshen fim kuwa bangon bayan masallaci. Ya ce mini: "Mukhtar, sarakuna na da masu rubuta musu tarihi. Talaka bango gare shi. Tun farkon duniya, duk inda mutum ya ratsa shina son ya ce na biyo ta nan."

Na ce masa bayan girbi. Da girbi ya wuce na ce bayan sallah. Shekara biyar ina yi masa haka. Sai a shekarar dubu biyu da uku, wata safiya kafin matan gayya su fito, ya zo ya tsaya mini a ƙofa, ya ƙi tafiya. Muka je. Ya bi bangon daga farko har ƙarshe, yana aza yatsa a kan kowane suna yana karantawa, ina biye da shi. Minti arba'in. Na sa kaset ɗin a akwati, na ce sauran fim sai mun samu sarari.

Jama'a, ga abin da ya sa na ce da an zaɓi wani.

Bayan shekara biyu aka yi bikin Widad. Ana tsakiyar kiɗa na duba jaka, babu sabon kaset. Damazin da nisa, amarya tana shirin fitowa. Hannuna ya kai ga wancan. Na san abin da ke ciki, da hannuna na rubuta a bayansa. Na ce a raina ai bango yana nan, gobe ma sai mu sake. Na ɓare takardar, na ɗauki biki a kai, na miƙa wa gidan amarya.

Ban sake ɗauka ba. Sakewa na nufin in dubi idonsa in ce na shafe, ni kuwa na kasa. Shekara bakwai bangon yana tsaye, kyamara tana ɗakina, tsakaninsu bai kai tafiyar shan kofin shayi ba. A cikin shekarun nan idonsa ya fara rauni, ya daina mayar da rubutu bayan yaɓe. Tsofaffin da suka ba shi sunayen suka bi juna zuwa kabari. Da aka ƙara wa madatsar ruwa tsayi, aka ce ruwa zai ci tsohuwar hilla, mu kwashe mu dawo nan, Widad ta ce masa: "Baba, bari in kwafe abin da ya rage a littafi." Ina tsaye a wurin, muna ɗora ƙyaure a kan lori. Ya ce: "Bari wahal da kanki, ɗiyata. Duk suna nan ga kaset na Mukhtar." Na ji da kunnena. Na sunkuya na ci gaba da ɗaure igiya.

Yanzu masu kwalekwale ne ke bi ta kan wannan bango.

Da muka zauna a sabuwar hilla ya ga dogon bangon makarantar nan da kuke jingine da shi, fari tas, ya aiko a karɓo kaset. Na ce ya shige cikin kaya, ina nema. Bai sake tambayata ba. Na ɗauka mantawa ya yi, kuma wallahi na ji daɗin hakan. Wannan jin daɗin shi ne abin da ya fi ba ni kunya a rayuwata.

Ranar sadakar bakwai Hajja Rabi'atu ta kira ni ta ce: "Mukhtar, zamna, in gaya maka abin da ba ka sani ba." Ashe da aka kawo wutar lantarki, jikoki sun sa kaset ɗin biki. A da, da an ga amarya ta shiga mota ake kashe injin wuta don kada mai ya ƙare. A ranar ba wanda ya kashe. Motar amarya ta tafi, hoto ya yi rawa, sai ga Abdussalami a gaban bangonsa. Minti uku ne suka tsira a wutsiyar kaset. Ta ce ya kalla har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya ce: "Mukhtar ma ya yi mani yaɓe. To halas, shi ke nan, kada kowa ya faɗa mishi na gani, kunya za ta kashe shi." Shekara biyu bayan haka yana shan shayi da ni kullum, yana zuba mini sukari da hannunsa.

Ya kasance haka, jama'a. Ni na hana shi fim ɗinsa, shi ya rufa mini asiri.

Hajja, ki yafe mini. Widad, bikinki ba shi da laifi, ni ne mai laifi, kuma ga shi na faɗa a gaban liman. Ku dattawa, ba ni kaɗai na yi asara ba, kakanninku ne a bangon. Suna goma sha tara muka samu a mintuna ukun nan, na farkonsu Ɗan'auta na Gwadabawa, ta ƙarshe Yalwa ɗiyar Sambo, wadda ta rasu kwana biyu kafin a iso bakin kogi. Widad ta gaji hannun ubanta, kuma shugaban makaranta ya ba mu bangon nan. Duk wanda ke tune da suna ko ɗaya, kada ya tafi gida yau sai ya faɗa mata. Kada ku ce bayan girbi.

Na gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da matan da suka dafa abincin sadaka. Allah ya jiƙan Abdussalami, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe wa mutane. Allah ya haɗa shi da waɗanda ya yi ta rubuta sunayensu, waɗanda muka tuna da waɗanda suka ɓace mana. Allah ya raya zuriyarsa, ya sa mu cika da imani.

Kafin liman ya shafa fatiha, ga yadda kaset ɗin ya ƙare. Abdussalami ya karanta sunan Yalwa, ya sauke yatsa, ya juyo ya dube ni ya ce: "Mukhtar, ka ɗauka duka?" Sai a ji muryata daga bayan kyamara tana cewa: "Na ɗauka, ba abin da zai ɓace."

Malam, a yi mana addu'a.