Murɗi Uku da Na Yi Kaina a Ƙasa

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu, wanda ya riƙe ni har na ga wannan furfura. Sunana Yohanna. Yawancinku kun san ni da gyaran injin ban ruwa a nan Talata Mafara. Kaɗan ne suka san abin da ya raba ni da kwalba, kuma yau zan faɗa.

Ni mutumin Zuru ne. Kanikanci ya kai ni Kano, ya kai ni Abidjan da Duwala, har na yi shekara guda a Italiya. Na iya Faransanci, na iya Italiyanci, kuma a kowane harshe abin da na fara koya shi ne yadda ake neman giya. A gida burkutu, a Abidjan ta kwalba, a Italiya ta inabi. Sunan ne kawai ke canzawa. Da safe ciwon kan iri ɗaya ne.

Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori aka ɗauke ni a garejin ma'aikata. Wasu Turawan aikin suna da tsofaffin motoci da suke tsere da su ran Lahadi, a kan hanyar jar ƙasa da ke bin gefen babban kanal na ban ruwa. Ɗaya daga cikinsu, injiniya ne ɗan Italiya da muke kira Dogo, ba ya tuƙa tasa da kansa. Direbansa ke tuƙawa, Malam Umaru mutumin Bakura, mai 'ya'ya huɗu, mutum mai barkwanci da ƙafa mai nauyi a kan totur.

Da Dogo ya dawo daga hutu, ya zo da sabon akwatin feda na motar tsere. Feda uku ne a jere, amma birkin yana da masta biyu, wato famfon da ke tura man birki, ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na baya. Tsakaninsu akwai wani ɗan sandan ƙarfe mai zare. In ka murɗa shi gefe guda, ƙarfin birki ya koma gaba. In ka murɗa ɗaya gefen, ya koma baya. A garejin nan kaf ni kaɗai na taɓa ganin irinsa, kuma na tabbatar kowa ya sani.

Na cire tsofaffin fedoji, na yi waldar faranti a ƙasan motar, na ja sabbin bututu, na fitar da iska. Aiki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Amma akwai doka. Na ga Faransawa a kan kwalta suna son ƙarfin ya rinjaya gaba sosai. Na ga 'yan Italiya a kan ƙasa suna ƙara wa baya kaɗan don mota ta karya kwana da sauri. Sun bambanta a nan, amma duk sun yarda da abu ɗaya: gaba ne zai fara kamawa. In baya ya riga, mota juyawa za ta yi kamar an murza ta. Shi ya sa duk wanda ya taɓa sandan nan, dole ya ɗaga mota a kan jak, wani ya taka birki a hankali, shi kuma ya juya tayoyin da hannu ya ga wanne ya fara tsayawa.

Ran Juma'a Malam Umaru ya gwada motar, ya dawo ya ce mini, "Injiniya, bayan nan na yi mani rawa. Maida ƙarfin gaba, murɗi ukku."

Ran Asabar da rana na sha, na sha sosai. Sannan na shiga motar na kwanta rigingine, kaina a ƙasan sitiyari, ƙafafuna a kan kujera, domin haka ake kaiwa ga sandan. Na murɗa uku, na ɗaure noti, na fito. Jak yana nan kusa da ƙafata. Ban taɓa shi ba.

Da yamma Malam Umaru ya leƙo. "Ka ɗaga ta ka gwada?"

Na ce, "Na gwada."

Allah Ya gafarta mini!

Matata Saratu ta yi shekara tara tana yi mini addu'a. Safiyar Lahadi ta tsaya a bakin ƙofa da rigata a hannu, ta ce, "Baban Ladi, yau kam tare za mu tafi." Ban da ƙarfin musu. Na bi ta majami'ar kwano da ke unguwar ma'aikata, na zauna a bencin baya, niyyata in yi barci.

Aka ce a durƙusa. Na durƙusa, na sunkuyar da kai har ƙasa saboda nauyinsa. Da na buɗe ido sai na ga ƙafafun benci a juye, damata ta zama hagu. Nan take na ga hannuna a kan sandan nan jiya. Kaina a ƙasa na murɗa! Ba gaba na mayar da ƙarfin ba, baya na ƙara wa.

Hanyar tseren tana da kwana a daidai inda kanal ya fi zurfi, kuma a nan ake taka birki da ƙarfi.

In na je na faɗa, a gaban Turawa da leburori zan ce na yi aiki a buge, na kuma yi ƙarya. In na yi shiru, wataƙila ya wuce lafiya. Wataƙila. A nan na yi addu'ar gaskiya ta farko a rayuwata. Na ce, "Yesu, ni ba ni da ƙarfin faɗar wannan magana. Ka ɗaga ni."

Ya kuwa ɗaga ni! Ban san lokacin da na fita ba. Na hau keken mai wa'azi ba tare da na tambaye shi ba.

Na iske motoci sun jeru, Malam Umaru har ya sa hular kwano. Na jefar da keken a gaban motar.

Ya leƙo ya ce, "Injiniya, mi ya faru? Limaminku ya koro ka?"

Na ce, "Malam Umaru, jiya ƙarya na yi maka. Ban gwada ba. A buge nake, kuma baya na murɗa."

Dogo ya zazzage ni da Italiyanci. Ranar na yi fatan ban iya harshen ba, domin babu kalmar da ta wuce ni. Aka kawo jak, aka ɗaga motar. Malam Umaru ya taka a hankali. Tayoyin baya suka ƙame, na gaba kuwa suna juyawa a hannuna kamar ba birki.

Malam Umaru ya fito, ya kalli kanal ɗin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Inna lillahi."

Dogo ya ce kada in sake taɓa motarsa. Sai Malam Umaru ya cire hular ya ajiye a kan bonet. Ya ce, "Maigida, wanga mutum ya zo da ƙafarshi ya tona kanshi. In ba shi ya gyara ba, ni ba ni hawa." Ya juyo gare ni. "Amma matso nan. Buɗe bakin in shinshina tukuna."

Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa hawaye nake. Dogo ya haƙura, na gyara, na gwada sau uku a gaban kowa.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Na yi makonni hannuna na rawa, sufana na faɗuwa. Duk lokacin da ƙishin ya taso, Saratu ta riƙe hannuwan nan biyu mu yi addu'a har ya wuce. Amma tun daga waccan Lahadi digo ɗaya bai shiga bakina ba. Haleluya!

Malam Umaru yana nan da ransa, yana noman shinkafa a Bakura, jikokinsa sun cika gida. Duk kaka sai ya kawo mini buhu, kuma kafin ya gaishe ni sai ya ce, "Injiniya, buɗe bakin." Ina buɗewa da farin ciki.

Na gode wa Ubangiji da Ya sunkuyar da kaina don in gani daidai. Ɗan'uwa, in akwai abin da ka ce ka gwada alhali ba ka gwada ba, kada ka jira a kai kwana. Roƙi Yesu Ya ɗaga ka, ka je ka faɗa yau. Ya yi mini, zai yi maka. Amin.