Labulen Baya

A tashar Rabah, wani baƙo ya tsaya yana zagaya baƙar motar Lawwali.

"Malam, wagga ba motar Baturen da yat tashi ba ce?"

"Ita ce. Tsohuwa nis saye ta, sai da anka kawo kayan inji daga Kano."

"Har da jar hwata ga kujeru. Labulen baya hwa, na mi ne?"

"Mai ɗakina Ruƙayyatu tana kulle. Na sa shi don in riƙa kai ta Goronyo ganin gida. Kahin a gama gyara tar rasu."

"Allah shi jiƙanta. Ba ka cire shi?"

Lawwali ya gyara bakin labulen. "In na ratsa ƙauye, mutane kan ce a gaida uwargida. Sai in waiwaya in ce, ana gaishe ki."