Karen Stoffel Ya Sauya Maigida

A shagon harsashi na garin Thabazimbi, tsoho Stoffel ya tare wani baƙo a layi.

"Ɗana, wane harsashi ne ke barin jini a ƙasa?"

"Naka me ya yi, Kawu?"

"Nawa? Inda barewa ta tsaya, nan take faɗuwa."

"Ai abin da kowa ke roƙo ke nan."

"Kai ke roƙo. Maƙwabcina Gysbert, ko tanki ka ajiye masa sai ya harbi gefe. Kullum raunata dabba yake, a yi ta bin jini cikin ƙaya har yamma."

"Abin tausayi."

"Tausayin wa? Karena don bin jini aka haife shi, ni kuwa ba ni da jinin da zan ba shi. Da Gysbert ya tada mota, sai karen ya tsallake shinge ya bi shi."

Baƙon ya danne dariya. "Wato kuskure kake son koya saboda kare?"

Stoffel ya ture kwalin harsashin da ke gabansa gefe.

"Da cokali na shayar da shi madara. Jiya na kira shi, sai da ya dubi Gysbert tukuna."