Ranar da Wayar Wuta Ta Tsinke a Kusfa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai cetonmu.

Sunana Rifkatu, a Wusasa nake, kuma fiziks nake koyarwa a sakandare. A da, in na zo sujada jikina ne kawai a nan. A ganina komai na duniya lissafi ne, addu'a ba ta ƙara masa komai.

Da daminar bara na kai ɗinki unguwar Kusfa tare da 'yata Hannatu, 'yar firamare. Ruwa ya tsare mu a shagon telan, Malam Sani. Da ya tsagaita sai Hannatu ta riga ni fita.

Sai muka ji ƙara, tas! Wayar wuta ta tsinke daga falwaya, ta faɗo lungun da ke gaban shagon tana tartsatsi, kusa da yarinyar. Wata akuya ta zabura za ta gudu, nan take ta faɗi, ba ta ƙara motsi ba.

Wayyo Allah! Na san abin da ya kashe ta, ni nake koyar da shi. Wutar ta bazu cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda ya buɗe ƙafa ya yi taku, ta ƙafa ɗaya wutar za ta shiga jikinsa, ta fita ta ɗayar.

Hannatu ta miƙo hannu tana kuka. "Mama, zo ki ɗauke ni!"

Malam Sani ya yunƙura, na riƙe masa riga. "Malam, in ka taka, kai ma ka tafi!"

Na san abin da zan faɗa mata, amma harshena ya yi nauyi. In ta ji tsoro a muryata, gudu za ta yi. Ilimina bai iya riƙe zuciyar yarinya ba, bai ma iya riƙe tawa ba.

Na ce, "Yesu, kai ka kafa dokar wutar nan. Ka riƙe mini ƙafafunta!"

Sai murya ta fito mini a natse, wadda ban san ina da ita ba. "Hannatu, haɗa ƙafafunki. Kar ki ɗaga. Ki riƙa jan su a hankali, ki dubi fuskata."

Ta ja. Ta tsaya. Wayar ta sake tartsatsi, na ga Hannatu ta juya kai, raina ya kusa fita. "Ni za ki duba!" Ta sake ja, har na cafko ta a bakin dakalin shagon. Malam Sani ya zauna daɓas yana hawaye.

Har yau in hadari ya haɗo gabana yakan faɗi. Amma yanzu in na tsaya gaban allo, na san aikin hannun wa nake bayyanawa.

Na gode wa Ubangiji! Ga Hannatu can zaune cikin yara. 'Yan'uwa, ku nemi ilimi, amma ranar da jikinku ya mutu don tsoro, ku kira Yesu. Yana ji. Amin.