Kunun Gyaɗar da Na Ƙi Sha

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Saratu, a Malali an fi sanina da Maman Bulus. Kun san ni, daga murhu sai majami'a. 'Yata ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Shekarar da kayan masarufi suka yi tsadar nan, cikina ya fara damuna. Ina ganin jini idan na zaga, na ce basir ne. Ba jiƙon da ban sha ba, har Rigachikun na aika a karɓo mini saiwa. Ina dafa tuwon acca gida ya ci, ni ko loma biyu ba na iyawa. Zanina ya koma zagaye ni sau biyu.

Baban Bulus ya gaji, ya sa ni a fijon maƙwabcinmu sai asibiti. Bayan gwaje-gwaje aka tura mu wurin likitan da ke aikin hanji. Musulmi ne, ɗan siriri, gidansa a Unguwar Rimi. Nas ta tsegunta mini cewa a Zariya ya yi karatu, ya ƙaro a Ingila, suka roƙe shi ya zauna can ya ce a'a, cikunan mutanensa na jiransa a gida.

Maigidana ya ja shi gefe yana raɗa, ya manta kunnena. Na ji yana cewa, "Likita, don Allah kada ka faɗa mata sunan ciwon."

Likita ya ce, "Baba, cikin nata ne. Idan na ɓoye mata, da wa zan yi aikin?"

Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskata. Da Hausa tsab ya ce, "Mama, ciwon daji ne a hanjinki. Zan yanke wurin da ya lalace in haɗa bakin biyu in ɗinke. Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin naki ne: bayan tiyata ko ruwa ba za ki haɗiya ba sai hanjin ya farka. Idan abinci ya bi ta kan ɗanyen ɗinki ya ɓalle, ba ni da wata dabara." Na ce zan yi addu'a. Ya ce, "Ki yi sosai. Ni ma ba na ɗaukar wuƙa sai na yi tawa."

Aka yi aiki, na farfaɗo da robar ƙarin ruwa a hannu. Yabo ga Ubangiji! Amma ƙishirwa, jama'a! Harshena ya zama kamar busasshen ƙanzo. Kowace safiya likita zai zo da ɗalibansa, ya kara abin sauraro a cikina, ya ce, "Mama, an yi tusa?" Ni da jikokina! In rufe fuska da mayafi in ce, "Haba ɗana." Ya ce, "Ita nake jira. Ita za ta gaya mini hanya ta buɗe."

To, kun san mu matan Zumuntar majami'a. Wa ya taɓa zuwa dubiya hannu wofi? Kuloli suka cika ƙarƙashin gado, nas tana mayar da su. Sai ga Yaya Rifkatu, yayata da ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ta iso daga gida. Da rana tsaka ta ja labule, ta zaro filas daga cikin zaninta. Kunun gyaɗa, da tsamiya, irin na innarmu.

Ta ce, "Sha, Saratu. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin yunwa ta warkar da mutum ba. Su yanka ki, kuma su hana ki ci? Ni na dama da hannuna."

Ta sa mini kofi a hannu. Ƙamshin ya shiga har ƙwaƙwalwata. Ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, ko a ranar aurena. Na rufe ido na ce, "Yesu, kai ka san ƙishirwa, ka ji ta a kan gicciye. Riƙe mini hannun nan." 'Yan'uwa, sai na ji wani sanyi ya sauko mini a maƙogwaro kamar na sha randa guda. Na miƙa mata kofin na ce, "Yaya, ki yafe mini. Rabin aikin nawa ne."

Ta fashe da kuka, wai na raina ta. Ana cikin haka likita ya ɗaga labule. Na ce a raina yau za a kore ta. Ya dubi kofin, ya dubi bakina a bushe, sai ya ce, "Inna, baƙo ba ya samu ne?" Ya karɓa ya shanye tas a tsaye! Ya ce, "Kai! Wannan hannun ba za mu bar shi ya tafi ba. Ranar da hanjin ya farka, ke za ki dama na farko, tsararo, cokali-cokali." Ya ba ta auduga da ruwa ta riƙa jiƙa mini leɓe. Daga ranar Yaya ta zama soja a bakin gadona, ko Uwar Zumunta ba ta isa ta wuce da kula ba.

Abin da ake jira kuwa ya zo ana tsakiyar waƙa, matan Zumunta sun kewaye ni. Kowa ya ji. Sai Yaya ta rangaɗa guɗa, ta fita ba takalmi tana kiran likita. Ya zo yana dariya ya ce, "Alhamdu lillahi!" mu muka ce, "Haleluya!"

Ga ni yau a gabanku da ƙafafuna. Tabon ya kama daga cibiya zuwa ƙasa, kuma ba na jin kunyarsa. Ina alfahari da ɗan ƙasarmu da ya dawo gida, ina alfahari da Allahn da ya riƙe mini hannu. Wanda ya ga jini, kada ya zauna yana shan jiƙo kamar ni. Je ka a duba ka, ka tambayi sunan ciwonka, ka dogara ga Yesu. Godiya ta tabbata gare shi. Ku taya ni cewa Amin!