Saniyar da ke Garken Bube

Allah ya ba Uban Ƙasa nasara. Allah ya gafarta Alƙali da Liman. Arɗo, Maigarin Lahodu, Inna Mero uwargidan mamaci, Ƙasimu da Hawwa, 'ya'yansa: assalamu alaikum.

Yau kwana arba'in da muka kai Baba Hamidu makwancinsa. Ya kasance makiyayi kafin ya zama manomi. Shekarar da cutar bushiya ta ratsa fadamar Rima, kafin masu allurar dabbobi na En'e, hukumar gargajiya, su iso, ya binne shanu sittin cikin wata guda. Ya shigo Lahodu da sanda kawai, ya koyi riƙon fartanya yana da furfura.

Mu manoma ba marowata ba ne. Duk makiyayin da garkensa ya ƙare, mukan kai masa damin gero da rana tsaka, gaban jama'a. Sai ya yi godiya, kwana biyu mu ji ya tashi, gero na nan inda muka ajiye. Muka ce girman kai ne. Baba Hamidu ya ce mana, "Ku ba ku taɓa tashi da asuba kun iske turke babu komi ba. Mi kunka sani?"

Ya kasance mai sanin inda abin ke ciwo, domin nan ya yi masa ciwo. Ba ya kai sadaka. Da noma ya sake tara masa 'yan shanu, yakan ja karsana ya je wurin wanda garkensa ya ƙare ya ce, "Ɗan'uwa, noma ya hana ni kiwo, taimake ni ka riƙa min wagga." Habbanaye ke nan, al'adar Fulani: saniya ta haihu uku, 'ya'yan na mai riƙo, uwar ta koma gida. Gidaje bakwai suka tsaya da ƙafarsu ta haka.

Na takwas shi ne Bube, ga shi can bakin zaure. Bara garkensa ya ƙare. Saniyar da ke hannunsa haihuwa ɗaya ta yi, kuma jibi za a raba gado. Jiya na gan shi yana murɗa mata sabuwar igiya, don ya maido ta. Ba zai roƙe ku ba, ko da zai kwana da yunwa.

Ƙasimu, Hawwa, saniyar haƙƙinku ce, shari'a ta ba ku. Amma in ta koma jibi, Bube zai bar ƙasar nan da iyalinsa kafin damina. Duk wanda ta faɗa rabonsa, ya taka da ƙafarsa ya je wurin Bube ya ce a taimake shi da riƙo.

Mun gode wa kowa da ya zo. Allah ya jiƙan Baba Hamidu, ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa mutane nasu. Amin.